DAGA ZARIYA ZUWA WHATSAPP: TARIHIN MARUBUCIN DA YA GAJI DA JIRA

Jiya da daddare wata ƙanwata, ma'aikaciyar jinya, ta kira ni. Ta ce, "Yaya, na gama littafina. So nake ya fita kafin ƙarshen wata, ko a waya ne. Ba ni da lokacin zaryar maɗaba'a, ga aikin dare ga yara." Na ce wa ya duba miki? Ta ce ba kowa. Na ce ina kika ajiye shi? Ta ce yana cikin wayarta. Kwafi nawa? Ɗaya tal.

Wallahi na daɗe ban yi barci ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, wannan gaggawar tata tana da tarihi mai tsawo a ƙasar Hausa, kuma da yawa daga cikin masu sakin littafi a waya yau ba su san cewa gadon wasu suka ci ba. Ku yi haƙuri, rubutun zai ɗan yi tsawo.

Mu fara daga 1933. A shekarar ce Hukumar Fassara da ke Zariya, wadda ta koma Hukumar Talifi, ta shirya gasar ƙagaggun labarai a ƙarƙashin Baturen nan Dokta Rupert East. Daga gasar aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Imam a lokacin saurayi ne ɗan shekara 22, yana koyarwa a Midil ta Katsina. Wato shi ma ma'aikaci ne mai aikin yi, kamar ƙanwar tawa. A 1936 aka ɗauko shi daga aji aka kai shi Zariya, ya zauna kimanin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce. Ku duba fa, littafi uku cikin wata shida, ba kwamfuta ba intanet. Sai dai yana da abubuwa biyu da marubucin yau ba shi da su: an ɗauke masa sauran aiki, kuma akwai edita zaune kusa da shi yana bin rubutun ɗaya bayan ɗaya.

Matsalar wancan tsarin ita ce ƙofa ɗaya ce. Daga Hukumar Talifi sai Kamfanin Gaskiya a 1945, sai hukumar NORLA a shekarun 1950, sai kamfanin NNPC na Zariya a 1966 (na littattafai fa, ba na man fetur ba). Duk wanda ke son sunansa ya hau bangon littafi sai ya bi ta nan. Su kuma hankalinsu ya fi karkata ga abin da makarantu za su saya. Kana iya aika rubutunka ka zauna jira shekara da shekaru. Mace kuwa sai a 1980 aka ga labarinta ya fito ta wannan ƙofar, lokacin da aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed bayan wata gasa da NNPC ta shirya. Daga 1933 zuwa 1980, ku lissafa da kanku.

To, sai abubuwa biyu suka haɗu. Na farko, shirin ilimin firamare kyauta na UPE da aka fara a 1976, da azuzuwan yaƙi da jahilci na manya, suka samar da ɗimbin matasa da matan aure masu iya karanta Hausar boko, suna neman abin karantawa babu. Na biyu, tattalin arziki ya karye, aka shigo da tsarin SAP a 1986, Naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya. Ga masu ƙishirwa, ga rijiya a rufe.

Nan ne marubuta suka ce in ba a buɗe mana ƙofa ba, mu haura katanga. Mutum zai rubuta labarinsa a littafin makaranta, ya kai wa mai keken rubutu ya buga masa, ya tara kuɗi ko ya ranto, ya kai ƙaramar maɗaba'a, ya ɗauko katan-katan da kansa ya kai wa 'yan kasuwa. Talatu Wada Ahmed da littafinta Rabin Raina tana cikin waɗanda suka share hanya a tsakiyar shekarun 1980. Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar Janar Murtala, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana ƙarama, ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya zo da In Da So Da Ƙauna, wanda ya shiga lungu da saƙo. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta zo da Allura Cikin Ruwa. Aka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya, marubuta na taimakon juna da duba rubutu da tallata littafi.

Waɗanda suka taso a wancan zamanin za su tuna yadda abin yake. Littafi siriri, takarda irin ta jarida, a raba labari kashi na ɗaya, na biyu, na uku, a tsaya maka daidai inda ranka ya fi so. A bayansa ga hoton marubuci da adireshinsa, ga wasiƙun masu karatu. Daga kasuwar Sabon Gari a Kano ake lodin su zuwa Kaduna, Sakkwato, Maraɗi, Damagaram. Wanda ba shi da kuɗin saye ya je shagon haya ya karɓa ya karanta ya dawo da shi. Mu nan a ƙarƙashin teburin aji muka karanta wasu, malami na can yana lissafi a allo.

Ba a bar su haka ba. A farkon shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa harkar suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta ta da adabin kasuwar Onitsha, yana ganin abu ne da ba zai ɗore ba. Aka yi shekaru ana fafatawa a jaridu, su Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu kowa na kawo hujjarsa. Gaskiyar magana, masu sukan ba ƙarya suka yi ba a kan wasu abubuwa: ƙa'idojin rubutu sun sha wuya, a haɗe inda ya kamata a raba, a raba inda ya kamata a haɗe, ga labarai masu kama da juna. Amma su ma masu karewa sun yi gaskiya, domin a cikin waɗannan littattafan ne mata suka fara faɗin abin da ke cinsu da bakinsu: auren dole, kishi, saki, hana yarinya karatu. A 2007 har ƙona wasu littattafan aka yi a bainar jama'a a Kano zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, hukumar tace finafinai da ɗab'i ta jihar kuma ta matsa sai marubuta sun yi rajista. Duk da haka, littafin Balaraba da aka raina, shi ne Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci, wani kamfani a ƙasar Indiya mai suna Blaft ya buga a 2012. Raina kama ka ga gayya ke nan.

Wani abin lura: a shekarar da ake ƙona littattafai a Kano, a watan Nuwambanta ne kamfanin Amazon a Amurka ya fito da na'urar Kindle, tare da damar kowa ya ɗora littafinsa ya sayar ba tare da kamfanin ɗab'i ba. A 2010 suka fara bai wa marubuci har kashi 70 cikin ɗari na kuɗin littafi idan farashinsa ya faɗa tsakanin dala 2.99 da 9.99. Wata matashiya mai suna Amanda Hocking, wadda kamfanoni suka yi ta mayar wa da rubutunta, ta ɗora littattafanta da kanta a 2010, cikin kusan shekara guda ta sayar da fiye da kwafi miliyan. Turawa suka ce juyin juya hali ne. Mu kam abin da 'yan Raina Kama suka yi ne shekara ashirin kafin nan, sai dai su a kan kafaɗa suka ɗauki nasu katan ɗin.

Namu juyin ta wayar hannu ya zo. Marubuta suka koma Facebook da Wattpad, manhajar da aka kafa a Kanada a 2006, sannan WhatsApp ya zo ya mamaye komai. Yau uwargida tana jiran tuwo ya sulala tana buga shafi da babban yatsa, ta tura zaure, kafin ta kwashe tuwon masu karatu sun fara roƙon ci gaba. A ba ka shafukan farko kyauta, in labari ya ɗau zafi a ce sai ka biya, ta banki ko ta katin waya, 'yan Nijar kuma a ba su lambarsu daban. Ku dubi abin da kyau: shi ne dai kashi na ɗaya da kashi na biyun nan na Sabon Gari, kaya kawai ya sauya.

Yanzu ga inda nake so mu tsaya mu yi tunani. Littafin 1990, duk rashin kyan takardarsa, har gobe za ka iya samun sa a akwatin wata gwaggo ko a ɗakin karatun jami'a. Na waya fa? A 2013 Okechukwu Ofili ya kafa Okadabooks, marubutan Hausa da dama suka ɗora littattafansu a can suna samun na cefane. A ƙarshen Nuwamban 2023 aka rufe shi. Wanda bai ajiye kwafinsa ba, sai dai ya bi masu karatu yana cigiya. Zauren WhatsApp kuwa waya ɗaya ce za ta faɗa ruwa, aikin shekara ya tafi. Ga satar fasaha: mutum ɗaya ya biya, ya tura wa ɗari, wani ya cire sunanki ya sa nasa, wani ya karanta a YouTube yana karɓar kuɗi ba ki sani ba. Nan da shekara talatin, ɗalibin da zai yi nazarin rubutun wannan zamanin, ina zai samo shi?

Sannan gaggawar kanta ta kai wani matsayi. A Satumban 2023 Amazon da kansa ya ƙayyade cewa mutum ba zai ɗora sabon littafi fiye da uku a rana ba, saboda ambaliyar littattafan da ake haɗawa da ƙirƙirarriyar basira. Uku a rana fa, jama'a! Idan kowa na iya fitar da littafi kafin la'asar, saurin fitarwa ya daina zama abin taƙama. Abin da zai rage wa marubuci shi ne amanar mai karatu.

Don haka ga abin da na faɗa wa ƙanwata da safe. Ki fitar da littafinki, ba sai kin jira kowa ya ba ki izini ba, waɗanda suka gabace ki sun riga sun ci wannan yaƙin. Amma ki ƙara mako biyu. Ki ba mutum biyu da ba sa jin kunyarki su karanta, ɗaya ya dubi labarin, ɗaya ya dubi ƙa'idar rubutu, har da ƙ da ɗ da ɓ. Ki ajiye kwafi a wuri uku, ɗaya a imel. Ki sa cikakken sunanki da shekara a shafin farko. Ki nemi lambar ISBN a Ɗakin Karatu na Ƙasa. Ki san cewa akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris 2023, kuma ta shafi abin da ake ɗorawa a intanet. In kuɗi ya shigo, ki buga ko kwafi kaɗan ne a takarda, ki kai ɗakin karatu.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, ai ka ƙara min aiki." Na ce haka ne. Imam ya samu edita, Balaraba ta samu takarda da ta riƙe mata aikinta shekara talatin. Ke waya kawai gare ki, dole ki nemo wa kanki sauran biyun.

Marubutan da ke cikinku, musamman waɗanda suka yi zamanin Sabon Gari suka kuma shigo na waya, ina son jin wanne ya fi riƙe muku amana. Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka share hanya, mu kuma Ya sa mu bar abin da za a samu a bayanmu.