Tsawa da Aradu: Daga Girkancin Sabon Alkawari Zuwa Bakin Bahaushe

Idan hadari ya haɗo a kan duwatsun Roni da Gwiwa, manomi ba ya kiran abin da yake ji da suna guda. Rugugin da ke tasowa daga nesa cida ce, hasken da ke keta gajimare walƙiya, ƙarar da ke biyo bayansa tsawa, wadda kuwa ta faɗo ta tsaga bishiya ko ta kashe saniya ita ce aradu ko kwarankwatsa.

Tsohon Girkanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari na Kiristoci da shi, yana da irin wannan rabe-rabe. “Bronte” ita ce ƙarar, “astrape” walƙiya, “keraunos” kuma ita ce mai faɗowa, wadda Girkawan jahiliyya suka ɗauka makamin gunkinsu Zeus ce. Abin lura shi ne, kalmar “keraunos” ba ta fito ko sau ɗaya a Sabon Alkawari ba, alhali “bronte” ta fito sau 12. Wato marubutan sun ajiye makamin, sun riƙe muryar.

Goma daga cikin 12 ɗin suna cikin Wahayin Yahaya, inda tsawa ke fitowa daga kursiyin Ubangiji tare da walƙiya da muryoyi. A sura ta 10 har tsawa bakwai suka yi magana, aka umarci mai wahayin ya rufe abin da suka faɗa, kada ya rubuta. Sauran biyun, ɗaya tana Yahaya 12:29, inda aka ji murya daga sama, wasu suka ce tsawa ce, wasu suka ce mala'ika ne ya yi magana. Ɗayar tana Markus 3:17, inda Annabi Isa (AS) ya laƙaba wa Yakubu da Yahaya, 'ya'yan Zabadi, sunan Boanerges, ma'ana 'ya'yan tsawa. Masu sharhi da dama na danganta laƙabin da zafin ransu. Tushen wannan fahimta Ibrananci ne, inda kalmar “ƙol”, murya, kan ɗauki ma'anar tsawa.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin tsawarsa ma murya ce: uba kan daka wa ɗansa tsawa, shugaba kan tsawatar wa mabiyansa. Musulmi kuma ya san aya ta 13 ta Suratur Ra'ad, sura ta 13, mai nuna cewa tsawa tana tasbihi da gode wa Allah.

Inda aka rabu shi ne aradu. Kalmar aro ce daga “ar-ra'ad” ta Larabci, wadda ke nufin ƙarar kaɗai, domin mai faɗowa “sa'iƙa” Larabawa ke ce mata. Da ta shigo Hausa sai ta sauya aiki, ta zama mai hukunci. Da ita Maguzawa ke rantsuwa, har yau kuma a kasuwa akan ji mai ciniki ya ce “aradu” don a gaskata shi. Goggaggun duwatsun da manoma kan tono a gona, waɗanda ake kira gatarin aradu, masana kayan tarihi sun tabbatar gatura ne na mutanen zamanin dutse. Girkawa ma sun ɗauke su kayan da “keraunos” ta jefo, kamar yadda Yarabawa ke jingina su ga Sango.

Wannan imani yana da nauyi a kan iyalan mamaci, domin akan tarar ana raɗe-raɗin cewa wanda aradu ta faɗa wa rantsuwar ƙarya ya yi ko kayan wani ya ci. Zalunci ne a ɗora wa gawa wannan zargi. Aradu lantarki ce da ke neman hanya mafi sauƙi zuwa ƙasa, shi ya sa ta fi samun doguwar bishiya tilo a fili, da wanda ya fake a gindinta. Sauti kan yi kusan daƙiƙa 3 kafin ya ci kilomita guda, saboda haka manomin da ya ga walƙiya ya ji tsawa nan take, ya bar gona ya nemi gini.