Ƙarin Jijiyoyin Jini na Bayan Hanci ga Samari: Hanyoyin Ganowa da Magani

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar abin da likitocin kunne, hanci da maƙogwaro suka tabbatar game da anjiyofibroma, wato ƙarin da ke tsirowa a bayan hancin samari. Ta duba mafarinsa, alamominsa, hanyoyin gano shi da matakan magani. An lura cewa nasarar magani ta rataya ne kan saurin ganowa, da kauce wa taɓa ƙarin kafin a ɗauki hotonsa.

1.0 Gabatarwa

Anjiyofibroma ba daji ba ne, domin ba ya bazuwa zuwa sauran sassan jiki. Sai dai yana cin ƙashin da ke kewaye da shi, har ya kai kogon ido ko cikin ƙoƙon kai. Cuta ce da ba kasafai ake gani ba, ba ta wuce kashi 0.5 cikin ɗari na ƙarin da ke fitowa a kai da wuya. Kusan dukkan masu fama da ita maza ne da ke tashen balaga, abin da ya sa masana ke danganta ta da sinadarin mazakuta. Chaveau ne ya fara alaƙanta sunanta da ƙuruciya a 1906, sannan Friedberg ya kira ta anjiyofibroma a 1940.

2.0 Mafari da Alamomi

Ƙarin yana somawa ne daga wata ƙaramar ƙofa a bangon bayan hanci, wadda ake kira sifenofalatin. Mafi yawan jininsa yana zuwa ne daga jijiyar maksilari. Jijiyoyin da ke cikinsa ba su da cikakkiyar tsokar da ke matse jijiya idan ta fashe, don haka da zarar jini ya ɓalle yakan yi wuyar tsayawa.

Alamomi biyu ne suka fi fitowa: toshewar kafar hanci guda, da haɓo mai yawan dawowa. Idan ƙarin ya girma, akan ga kumburin kunci, fitowar ido, ciwon kai da raguwar ji. A ƙasar Hausa, inda haɓo ya zama ruwan dare lokacin hunturu da bazara, abu ne mai sauƙi iyaye su ɗora laifin a kan bushewar iska ko zafin rana. Bambancin shi ne, haɓon yanayi ba ya zuwa da toshewar da ke ƙaruwa wata da watanni a ɓari ɗaya.

3.0 Ganowa

Matakin farko shi ne leƙa hanci da siririyar na'ura mai kyamara, inda akan ga tsiro mai santsi, ja ko ruwan hoda. Daga nan sai hoton CT, wanda ke nuna yadda ƙarin ya taɓa ƙashi. A nan ne ake neman alamar Holman-Miller, wato lanƙwasar bangon baya na kogon kunci zuwa gaba. Hoton MRI kuwa shi ke fayyace ko ƙarin ya shiga ido ko ya kusanci ƙwaƙwalwa.

Ƙa'idar da ta bambanta wannan cuta da sauran tsiron hanci ita ce, ba a yankar ɗan yanki domin gwaji a ɗakin duba marasa lafiya. Yin haka na iya jawo zubar jinin da zai kai ga halaka. Shekarun yaro, alamominsa da hotunan sun isa a yanke hukunci. Bayan haka ake auna matakin da cutar ta kai, da ma'aunai irin na Fisch na 1983 ko na Radkowski na 1996.

4.0 Magani

Tiyata ita ce ginshiƙin magani. Kafin a shiga, akan toshe jijiyoyin da ke ciyar da ƙarin ta hanyar zura siririn bututu cikin jijiya, yawanci awa 24 zuwa 48 gabanin aikin, domin rage zubar jini. A da, sai an tsaga fuska ko ganɗa kafin a kai ga ƙarin. A yau ana cire ƙanana da matsakaita ta kafar hanci da na'ura mai kyamara, ba tabo, kuma ba a cika taɓa ƙashin fuskar yaron da bai gama girma ba. Gashi da haske an keɓe shi ga ƙarin da ya shige wurin da wuƙa ba za ta kai ba, saboda illarsa ga girman yaro. An kuma jarraba maganin flutamide domin rage girman ƙarin kafin tiyata.

Ƙarin yakan dawo idan an bar saura, musamman a ƙashin da ke gindin ƙoƙon kai. Saboda haka wajibi ne a ci gaba da bibiyar majiyyaci da hoto bayan aiki.

5.0 Kammalawa

Binciken ya nuna cewa ana warkewa daga anjiyofibroma idan an tare shi da wuri. Shawarar maƙalar ga ma'aikatan ƙananan asibitoci ita ce: duk saurayin da ya zo da haɓo mai maimaituwa da toshewar hanci a ɓari ɗaya, kada a taɓa tsiron, a tura shi asibitin ƙwararru, kamar Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin koyarwa mafi kusa.