Tuna baya: yammacin Juma'ar 8 ga Afrilu, 2011, a ofishin INEC na Suleja

Duk lokacin da aka taso da zancen gyaran dokar zaɓe, sai a yi ta cacar baki a kan shugaban hukuma da na'ura da kotu. Ba kasafai ake tuna ƙananan ma'aikatan da ke zama a rumfa tun safe har dare ba, alhali mu 'yan Suleja mun ga abin da ya same su.

Tushen labarin shi ne zaɓen 2007. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da bakinsa ya amince cewa zaɓen da ya kawo shi yana da kurakurai, ya kuma kafa kwamiti ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai, Muhammadu Lawal Uwais, wanda ya miƙa rahoto a Disambar 2008. Kwamitin ya so a raba shugaban ƙasa da ikon zaɓo shugaban INEC shi kaɗai, a kuma kafa hukumar hukunta masu maguɗi. Gwamnati ta yi watsi da na farkon, na biyun kuma har yau shiru. Abin da aka samu shi ne Dokar Zaɓe ta 2010 da naɗin Farfesa Attahiru Jega, ɗaya daga cikin 'yan kwamitin.

Jega ya jingina aikinsa da matasa masu yi wa ƙasa hidima. Hikimar ita ce baƙi ne a inda aka tura su, ba su da ubangida a siyasar garin, saye su zai yi wuya. Su suka yi rajistar masu zaɓe a farkon 2011. An sa zaɓen 'yan majalisar tarayya ranar 2 ga Afrilu, takardun rubuta sakamako ba su iso ba, aka ɗage, daga ƙarshe ya koma 9 ga wata.

Ana gobe zaɓen, da yamma, ma'aikatan wucin gadi sun taru a ofishin hukumar da ke Kwamba suna duba sunayensu da rumfunan da aka tura su, sai bam ya tashi. Mutum 16 aka lissafa a tuhumar da aka kai kotu, cikinsu har da 'yan hidimar ƙasa, ban da waɗanda suka tsira da raunuka. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Abin da ya fi ci min rai, wata guda kafin nan, ranar 3 ga Maris, an tayar da bam a taron PDP a garin nan. Gargaɗi ya riga ya zo, amma aka bar taron jama'a haka a wuri guda.

A Yulin 2013 Mai Shari'a Bilkisu Aliyu ta Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke wa mutum huɗu ɗaurin rai da rai a kan wannan harin da wasu. Ta wannan ɓangaren an yi hukunci.

Ɓangaren haƙƙin ma'aikaci fa? A Disambar 2010, wata huɗu kacal kafin harin, aka sa hannu a dokar biyan diyya ga wanda ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki, aka ɗora wa NSITF kula da asusun. A ganina, wanda aka ɗauka aikin kwana biyu, ya zo duba sunansa a ƙofar ofis, a bakin aiki yake, kuma diyyarsa ta kamata ta zama rubutacciya a takardar ɗaukarsa, ba sai iyayensa sun jira alherin gwamna ko na shugaban ƙasa ba.