Tsarin Faɗa a Finafinan Jarumtaka na Ƙasar Sin: Asalinsa da Sassansa

Duk wanda ya taso a biranen ƙasar Hausa a zamanin gidajen silima, ko a zamanin kaset ɗin bidiyo da ya biyo baya, ya san abin da ake kira fim ɗin Caina: jarumi cikin doguwar riga, takobi a hannu, ya daka tsalle ɗaya ya dire a kan rufin gida. Abin da ba kasafai ake tsayawa a duba ba shi ne, wannan faɗa sana'a ce mai malamai da almajirai da ƙa'idoji, kuma ita muke son mu nazarta a nan. Idan muka ce "tsarin faɗa", muna nufin shirya kowane sara da kariya da taku da faɗuwa tun kafin a kunna kyamara, haɗe da zaɓen inda kyamarar za ta tsaya da inda za a yanke hoton. Wanda ke wannan aiki, da Sinanci ana ce masa wushu zhidao, wato mai ba da umarnin fasahar yaƙi, mu kuma za mu kira shi mai tsara faɗa. A al'adar Hong Kong, da zarar an zo wurin faɗa, darakta yakan ja gefe ya bar masa fagen, har da kyamarar.

Finafinan da muke magana a kansu su ne waɗanda labarinsu ke faruwa a zamanin dauri, galibi lokacin daular Ming, daga 1368 zuwa 1644, ko daular Qing da ta gaje ta har zuwa 1912. Sun kasu gida biyu. Na farko shi ne wuxia, ana furta shi kamar "wushiya": wu na nufin yaƙi, xia kuma shi ne jarumi mai yawo wanda ke ƙwato wa mai rauni haƙƙinsa ba tare da jiran alƙali ba. Duniyar da yake yawo a cikinta ita ce jianghu, ma'ana "koguna da tafkuna", duniyar 'yan takobi da masaukan baƙi da ramuwar gayya, wadda hannun hukuma bai cika kaiwa gare ta ba. Makamin wannan gida takobi ne, kuma an yarda jarumi ya mallaki qinggong, wato fasahar sauƙaƙa jiki har ya gudu a kan ruwa ko ya tsaya a kan reshe. Gida na biyu shi ne fim ɗin kung fu. Kalmar a asalinta tana nufin ƙwarewar da aka samu da wahala da tsawon lokaci, ko da a girki ne. A nan hannu da ƙafa da sanda ne ke aiki, ƙafa tana ƙasa, kuma abin alfahari shi ne mai kallo ya gane salon da ake bugawa. Akwai finafinai da dama da suka tsaya da ƙafa ɗaya a kowane gida.

Labarin xia ya girmi fim nesa ba kusa ba, domin Sima Qian, masanin tarihin daular Han, ya keɓe wa irin waɗannan jarumai babi guda a littafinsa fiye da shekara 2000 da suka wuce. A silima kuwa, abin ya tumbatsa ne a Shanghai a 1928 da fim ɗin The Burning of the Red Lotus Temple, wanda aka riƙa fitarwa kashi-kashi har fiye da 15. A 1931 gwamnatin Kuomintang ta haramta irinsa bisa zargin yaɗa camfi, sana'ar kuma ta koma da zama Hong Kong. A can, daga 1949, Kwan Tak-hing ya fito a matsayin Wong Fei-hung, likitan gargajiya kuma malamin faɗa na Guangdong, a finafinai sama da 70.

Saiwar da ta fi zurfi a tsarin faɗa ita ce opera ta Beijing, wato wasan kwaikwayon dandamali wanda ya haɗa waƙa da kiɗa da rawa da alkafura. Yawancin masu tsara faɗa na farko da 'yan alkafurarsu daga nan suka fito, kuma Jackie Chan da Sammo Hung da Yuen Biao duk almajiran makaranta ɗaya ne ta opera, ta malam Yu Jim-yuen. Abin da dandamali ya ba fim shi ne kari, kamar yadda waƙa ke da kari. A opera akwai abin da ake kira liangxiang, wato ɗan wasa ya daskare cak a wani tsayi mai kyan gani daidai lokacin da ganga da kuge suka buga, kafin ya ci gaba. Masanin fim David Bordwell ya lura cewa faɗan Hong Kong yana tafiya ne bisa wannan tsari: tsayawa, sai ɓarkewar motsi, sai wata tsayawar. Amfanin tsayawar shi ne ta ba ido damar sanin wa ke ina, wa ya ji ciwo, wa ke shirin kai hari. Mu gwada da dambe. Ɗan dambe yana ɓoye niyyarsa ne, ya yi ta kewaya yana auna abokin karawa, kisa kuma ya zo cikin ƙiftawar ido, har wani ɗan kallo ya tambayi na kusa da shi me ya faru. Mai tsara faɗa aikinsa akasin haka ne: dole ya ɓoye niyyar jarumi ga abokin gaba, amma ya bayyana ta ga mai kallo. Darakta King Hu shi ne ya fi kowa fahimtar wannan. Shi da kansa ya bayyana cewa bai san fasahar yaƙi ba, rawa yake shiryawa. Don haka a Come Drink with Me na 1966, wanda kamfanin Shaw Brothers ya shirya, ya ba Cheng Pei-pei babban matsayi, ita kuwa horon rawa ta samu, mai tsara masa faɗa kuma Han Yingjie ne, ɗan opera. A faɗan dajin gora na A Touch of Zen, wani fim ɗin na King Hu, tsallen jaruma an gina shi ne da guntayen hotuna, ga ƙafa ta taka gora, ga riga ta gilma, ga ta tana saukowa, sauran kuma zuciyar mai kallo ce ta cike. Fim ɗin ya sami lambar yabo ta fasaha a bikin Cannes na Faransa a 1975.

Saiwa ta biyu ita ce makarantun faɗa na gaske, kuma babban wakilinta Lau Kar-leung ne. Mahaifinsa almajirin Lam Sai-wing ne, shi kuma Lam almajirin Wong Fei-hung ɗin nan ne, saboda haka salon Hung Gar da Lau ke nunawa gado ne mai silsila. Tare da Tong Gaai ya tsara wa darakta Chang Cheh faɗan One-Armed Swordsman na 1967, fim mai jini da zafin rai, kafin shi Lau ya zama darakta. A fim ɗinsa The 36th Chamber of Shaolin na 1978, tsakiyar fim ɗin kacokan horo ne: Gordon Liu yana ɗaukar bokitan ruwa da wuƙaƙe ɗaure a damatsansa don kada hannu ya sauko, yana buga ƙararrawa da doguwar sanda mai nauyi a kai, yana bin haske da ido alhali turaren wuta na ci a gefen fuskarsa biyu. Idan faɗa ya zo daga baya, mai kallo yana gane kowane motsi, domin ya ga ɗakin da aka koye shi. A ganinmu, ba a yi fim ɗin da ya fi wannan koya wa ido yadda ake kallon faɗa ba.

Sai sassan aikin kansa. Ba a ɗaukar faɗa gaba ɗaya sannan a je ɗakin tacewa a nemi abin da ya yi kyau. Ana tsara motsi kaɗan a nan take, a zaɓa masa kusurwar kyamara da ta dace da shi, a ɗauka, sannan a tsara na gaba, don haka yankan yana cikin shirin tun farko. Fim yana gudana da hotuna 24 a daƙiƙa ɗaya, amma sau da yawa akan ɗauki faɗa da 22 ko ƙasa da haka, ta yadda in an haska shi motsin zai ƙara sauri kaɗan ba tare da ya zama abin dariya ba. Don tsalle, an fara da ɓoyayyiyar shimfiɗa mai cilla mutum sama, da juya hoto baya, wato a ɗauki mutum yana dirowa a nuna shi yana hawa. Daga baya waya ta mamaye: ana ɗaura wa ɗan wasa ɗamara a ƙarƙashin tufafi, ƙarti na jan igiya ta cikin kura, kuma kyawun tashin ya dogara ga daidaituwar hannunsu. Akan barbaɗa hoda a takalmi ko riga don duka ya tayar da ƙura, sautin sara da kaɗawar hannun riga kuma a ɗora su bayan an gama ɗauka. Ching Siu-tung, wanda ya tsara faɗan Swordsman II na 1992 da Hero na 2002, ya kai aikin waya matuƙa, har jaruminsa ya kusa daina taɓa ƙasa.

Duk waɗannan dabaru ne. Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne ko faɗan yana faɗin wani abu game da masu yin sa. A Crouching Tiger, Hidden Dragon na Ang Lee, wanda ya fito a 2000 ya ci lambar Oscar 4, mai tsara faɗa Yuen Woo-ping ya haɗa Michelle Yeoh da Zhang Ziyi a zaure ɗaya. Babbar tana sauya makami bayan makami, kowanne ta iya shi, ƙaramar kuma tana karya su ɗaya bayan ɗaya da takobin da ta sato. Ba a buƙatar wani ya ce ɗaya tana da ilimi, ɗaya kuma ta dogara da abin da ba nata ba.

Kwamfuta ta fara shiga wannan sana'a ne a matsayin mai goge waya daga hoto, kuma a nan ta yi amfani. Inda ta wuce haka, ta zama ita ke ƙera tsallen da jikin da ke yin sa, sai nauyi ya ɓace, faɗuwa ta daina zafi, yanka kuma ya yawaita har ido ya kasa bin sara daga tashinsa zuwa saukarsa. Mai karatu na iya gwada wannan da kansa: ya kashe sautin kowane faɗa, ya duba ko zai iya faɗin wa ya kai hari, wa ya kare, da abin da ya juya wasan. Faɗan Lau Kar-leung na 1978 yana cin wannan jarrabawa, da yawa daga cikin waɗanda aka kashe wa kuɗi ninkin-ba-ninkin bayansa kuwa ba sa ci.