Gidajen da Wanke-wanke Ya Gina: Tarihin Ƙungiyar Gama Kai ta Ɗaliban Berkeley

A farkon 1933 talauci ya yi wa Amurka katutu. Karayar arzikin da ta faro a 1929 ta kai inda kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu neman aiki ba shi da abin yi, bankuna kuma suna ta rufewa da ajiyar jama'a. A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, tsallaken ruwa daga San Francisco, kuɗin makaranta bai cika hana kowa barci ba, domin ɗan jihar ba ya biyan kuɗin koyarwa sai 'yan canjin rajista. Abin da ke mayar da ɗalibi gida shi ne wurin kwana da abin sawa a baka. Jami'ar a lokacin ba ta ɗauki saukar da ɗalibai a matsayin aikinta ba. Gidan kwananta na farko, Bowles Hall, sai a 1929 aka buɗe shi, na maza ne kaɗai, kuma bai wuce cin mutum ɗari biyu ba. 'Ya'yan masu hali suna da gidajen ƙungiyoyinsu, inda ake tace mai shiga ta aljihunsa da launin fatarsa da addininsa. Sauran kuwa kowa ya san inda dare ya yi masa.

A nan ne Harry Kingman ya shigo. Mutum ne mai tarihi iri-iri: an haife shi a ƙasar Sin a 1892, iyayensa 'yan mishan ne, ya taɓa buga wa kulob ɗin New York Yankees wasa na ɗan lokaci a 1914, sannan ya zama shugaban Stiles Hall, reshen ƙungiyar matasa Kiristoci ta YMCA na jami'ar. Ofishinsa ne matattarar ɗaliban da aljihunsu ya bushe. Wani a matsayinsa da ya bi masu kuɗin gari da ƙoƙon bara, ya samo abin da zai raba wa mutum goma, kuɗin ya ƙare, maganar ta mutu. Kingman ya ba su wata shawarar dabam: su haɗa ɗan abin da ke hannunsu su kama hayar gida guda, su sayi abinci a sari, su girka da kansu, su share da kansu, kada su biya kowa ladan aikin da hannunsu zai iya. Ɗalibai goma sha huɗu suka amsa. Su ne tushen abin da a yau ake kira Berkeley Student Cooperative, ƙungiyar da ta haura shekara 90 tana saukar da ɗalibai.

Dabarar ba tasu ba ce tun asali, kuma ba su taɓa ɓoye hakan ba. Sun ɗauko ta daga masaƙan garin Rochdale na Ingila, waɗanda suka buɗe kantin gama kai a 1844 bisa sharuɗɗa masu sauƙin faɗa: ƙofa a buɗe take ga kowa, kowane mamba ƙuri'arsa ɗaya, kuma babu wani mai jari a gefe da ke jiran riba. Abin da 'yan Berkeley suka ƙara shi ne aikin gida. Kowane mazauni yana da sa'o'in da zai bayar a mako, wanda a yau ya tsaya a kan biyar: wannan yana gaban murhu, wancan yana wanke tukwane, wani yana goge banɗaki, wani yana riƙe littafin kuɗi. Duk wanda ya taɓa fita gayya ya san yadda abin yake, sai dai wannan gayyar ba ta tashi da faɗuwar rana, kuma mai gonar shi ne mai noman.

Cikin 'yan watanni gidan farko ya yi musu kaɗan. Da kakar 1933 suka kama wani gida da suka sa wa suna Barrington Hall, mai cin mutum kusan hamsin. A 1935 sunan ya koma kan wani katafaren bene a titin Dwight Way mai ɗaukar kimanin ɗari biyu. A 1936 aka buɗe wa mata nasu, Stebbins Hall, da sunan Lucy Ward Stebbins, shugabar harkokin ɗalibai mata ta jami'ar. A can Beverly Cleary ta zauna, wadda daga baya ta zama ɗaya daga cikin fitattun marubutan littattafan yara a Amurka. Sai aka kafa babban kicin guda da ke dafa wa gidajen, ana kai musu a mota. Duk wannan yara 'yan shekara ashirin ne ke gudanar da shi, a zamanin da manyan kamfanoni ke durƙushewa.

Idan aka tambaye ni lokacin da ƙungiyar ta fi cancantar a cire mata hula, zan ce shekarun Yaƙin Duniya na Biyu ne. A watan Fabrairun 1942 Shugaba Roosevelt ya sa hannu a kan umarnin da ya sa aka kwashe mutane kimanin 120,000 'yan asalin Japan daga gaɓar yammacin ƙasar zuwa sansanonin tsarewa, mafi yawansu kuwa haifaffun Amurka ne. Ɗaliban Berkeley na cikinsu. Suna da gidan ƙungiyarsu kusa da jami'a, kuma kowa ya san abin da ke samun dukiyar wanda aka kora: ko a saye ta a wulaƙance, ko ta salwanta. Ƙungiyar gama kai ta karɓi hayar gidan, ta zuba mambobinta a ciki, ta kula da shi, sannan a 1948 ta mayar wa masu shi. A daidai wannan lokaci Ruth, matar Kingman, ita ce sakatariyar wani kwamiti da ke fafutukar kare haƙƙin waɗanda aka tsare, a ranakun da faɗin haka a fili ke jawo wa mutum zagi. Riƙon amana ne a lokacin da hukuma da kanta ta saki nata, kuma ƙungiyar da ta yi shi ba ta da komai sai kuɗin hayar ɗalibai.

Da yaƙi ya ƙare, dokar 1944 da ta ɗauki nauyin karatun tsofaffin sojoji ta cika jami'ar maƙil. Ƙungiyar ta gane cewa mai haya kullum a hannun mai gida yake, sai ta shiga saye. Ta sayi Ridge House a 1945, ta sayi tsohon otal ɗin Cloyne Court a 1946, ginin da John Galen Howard ya zana aka kammala a 1904. Gordon Moore, ɗaya daga cikin waɗanda daga baya suka kafa kamfanin Intel, ya zauna a Cloyne yana ɗalibin ilimin sinadarai. A 1966 ta gina sabon gida daga tushe, wanda ake kira Casa Zimbabwe a yau, a 1971 kuma ta buɗe rukunin gidaje na Rochdale Village a kan filin jami'a da rancen gwamnatin tarayya.

Shekarun da suka biyo baya ba duka ne na alfahari ba. Barrington ya yi ƙaurin suna da hayaniya da ƙwaya a shekarun 1980, maƙwabta suka kai ƙara, mambobi suka kaɗa ƙuri'ar rufe shi, aka rufe a 1990. Cloyne ma ya sha irin wannan, har aka mayar da shi gidan da aka haramta maye a 2014. Masu suka suna son tsayawa a nan. Amma annobar ƙwaya ta waɗannan shekaru ba ta bar gidan kwanan jami'a ko unguwar masu kuɗi ba, kuma a Barrington da Cloyne duka ɗaliban ne da kansu suka yanke hukuncin, duk da zafinsa.

Yau ƙungiyar tana saukar da ɗalibai kimanin 1,300 a gidaje 17 da rukunin ɗakuna uku. Hukumar gudanarwarta ɗalibai ne suka fi yawa a ciki, kuma ana ba 'ya'yan marasa ƙarfi fifiko wajen samun gado. Abin da ya sa nake ganin tarihin nata ya wuce abin tunawa a bikin cika shekara shi ne halin da Berkeley ke ciki yanzu ya yi kama da na 1933 fiye da yadda ake so a amsa. Arzikin kamfanonin fasaha ya sa haya a yankin ta zama cikin mafi tsada a ƙasar. A 2017 gadajen jami'ar ba su kai su ɗauki ko rubu'in masu karatun digirin farko ba. Wani bincike da ita kanta ta yi a shekarar ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin goma ya taɓa rasa matsuguni tun shigarsa makarantar: mai kwana a mota, mai bin kujerun falon abokai, mai raba dare a ɗakin karatu. A 2022 rikicin masauki ya kai har kotu ta umarci jami'ar ta tsayar da ƙarin ɗalibai, sai da majalisar jihar ta yi dokar gaggawa kafin dubban matasa su tsira da gurabensu.

Ba a zauna haka nan ba. Jami'ar ta buɗe cibiyar tallafa wa ɗalibai da abinci da masaukin gaggawa, jihar kuma ta fara ware kuɗi tun 2019 don sama wa ɗaliban da suka rasa muhalli wurin zama cikin hanzari. Duk abin yabo ne. Sai dai irin wannan taimako yana zuwa ne bayan an riga an fitar wa ɗalibi da kayansa waje, kuma yana rayuwa ne a kan kasafin da wata majalisa za ta iya yankewa gobe. Gidan gama kai yana tare matsalar tun kafin ta auku, domin hayarsa da abincinsa sun yi ƙasa ƙwarai da na gidajen jami'a. Wanda ya shiga kuma ba ya jin an yi masa sadaka. Da guminsa ya biya, yana da bakin magana a taron gida, kuma yana fita da sanin yadda ake ciyar da mutum ɗari da yadda ake zama da wanda ba a zaɓa ba.

Nauyin da ke kanta yanzu na gine-gine ne. Yawancinsu tsofaffi ne, garin kuma yana zaune a kan tsagar ƙasa ta Hayward, wadda ta ratsa ta ƙarƙashin filin wasan jami'ar. Ƙarfafa su don jure girgizar ƙasa aiki ne na miliyoyin daloli, kuma idan aka ɗora kuɗin a kan haya, waɗanda aka kafa ƙungiyar dominsu su ne za su fara fita. Cloyne, wanda daga baya ya koma hannun jami'a, da Rochdale duk a kan mallakarta suke, don haka makomarsu tana hannunta. Jami'ar da ta kasa saukar da ɗalibanta bai kamata ta tsaya ciniki da wanda ke sauke mata su ba. Ta tsawaita musu yarjejeniyar fili a kan sharaɗi mai sauƙi, jihar ta sa hannu a kuɗin gyara, tsofaffin mazauna da Allah ya buɗa musu kuma su waiwayi gidajen da suka rufa musu asiri.