Henri da Manyan Ma'aunansa: Yadda Ake Sauya Lissafin Naɗin Waya

Masu sayar da kayan lantarki da masu naɗin koyil a unguwannin Hausawa na Fatakwal, Anacha da Enugu suna yawan cin karo da harafin H a jikin kaya da takardun oda. Harafin yana nufin henri, ma'aunin indaktans, wato turjiyar da naɗaɗɗiyar waya ke yi a duk lokacin da ƙarfin wutar da ke ratsa ta ya sauya. Kuskuren harafi guda a gaban wannan H yana iya sa a yi odar kayan da ba su dace ba.

An sanya wa ma'aunin sunan Joseph Henry, masanin Amurka da ya rayu daga 1797 zuwa 1878, kuma an amince da sunan a taron masana lantarki na duniya da aka yi a Chicago a 1893. Koyil yana da henri ɗaya idan sauyin ampiya ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya ya haifar da bolt ɗaya a bakinsa.

Manyan ma'aunan suna hawa ne da ninki dubu-dubu. Kilohenri, kH, henri 1,000 ne. Megahenri, MH, henri miliyan ɗaya ne. Gigahenri, GH, biliyan ɗaya ne, sai terahenri, TH, tiriliyan ɗaya. Daga nan sai peta, eksa, zeta da yota. A watan Nuwamba na 2022 babban taron ma'aunai na duniya a Faransa ya ƙara rona da kweta, wanda shi ne ɗaya mai sifiri 30.

Ƙa'idar sauyawa guda ce. Idan za a sauko daga babban ma'auni zuwa ƙarami, a ninka da 1,000 a kowane mataki. Idan za a hau, a raba da 1,000. Saboda haka 2.5 MH daidai yake da 2,500 kH, ko henri 2,500,000. Haka nan henri 47,000 shi ne 47 kH, ko 0.047 MH, kuma 0.003 GH shi ne 3 MH. A tsofaffin littattafai akwai wasu ma'aunai biyu: abhenri, kashi ɗaya cikin biliyan na henri, da kuma stathenri, wanda ya kai kimanin henri biliyan 899.

Sai dai a aikace da wuya a ga waɗannan manyan adadi a jikin na'ura. Wutar Najeriya, har da wadda ake rabawa a Enugu da Anacha da wadda PHED ke rabawa a Fatakwal, tana juyi sau 50 a daƙiƙa. A wannan juyi, kowane henri ɗaya yana tare wuta da kimanin om 314. Cok ɗin dogon ƙwan fitila na da yana da kusan henri ɗaya. Ko a layin bolt 330,000, irin wanda ke shiga tashoshin kamfanin TCN na Anacha da New Haven a Enugu, na'urar daidaita wuta mai ƙarfin 75 MVAr ba za ta wuce henri biyar ba idan aka lissafa. A cibiyar binciken CERN da ke kusa da birnin Geneva ma, jerin manyan maganaɗisu 154 da aka haɗa wuri guda yana da kimanin henri 15 ne kawai.

Da a ce akwai koyil mai megahenri ɗaya, turjiyarsa za ta kai om miliyan 314. Idan aka jona shi da wutar gida mai bolt 230, abin da zai ratsa shi ba zai kai kashi ɗaya cikin miliyan na ampiya ba, wato tamkar an yanke waya ne.

Wannan ne ya sa ya kamata a lura da girman harafi. Ƙaramin m a mH yana nufin milihenri, kashi ɗaya cikin dubu na henri, babban M kuwa yana nufin miliyan. Tazarar da ke tsakaninsu ninki biliyan ɗaya ce. Duk ɗan kasuwar da ya ga an rubuta 10 MH a jikin koyil ɗin rediyo ko na inbata, kusan tabbas 10 mH ake nufi, wato henri 0.01. A wasu tsofaffin kaya ma akan yi amfani da M a madadin maikiro, kashi ɗaya cikin miliyan.

Hanya mafi aminci kafin biyan kuɗi ita ce a mayar da kowane adadi zuwa henri zalla, a rubuta sunan ma'aunin da cikakkun kalmomi a takardar oda, sannan a gwada kayan da mitar LCR.