Ɗamarar Baya ga Tsofaffi

Ɗamarar baya, wadda a Kano aka fi kira bel, abin tallafi ne da ake ɗaura wa wanda gadon bayansa ya ranƙwashe ko ya tsage. A karkara irin Makoda, inda noma da fartanya ke cin baya, akan ɗauki doron tsufa kamar ba ciwo ba, alhali zaizayar ƙashi kan sa ƙashin baya ya dagargaje ko da ƙaramar faɗuwa, musamman ga mata.

Ɗamarar yadi mai taushi tana sassauta ciwo ne kawai. Mai ƙarfe, irin Jewett, tana tokare ƙirji, mara da tsakiyar baya don hana sunkuyo, kuma akan sa ta mako 6 zuwa 12. Ba ta miƙar da tsohon doro. Idan aka daɗe da ita ma tsoka kan yi rauni.

Kafin a saya, a ɗauki hoton ƙashi, domin tarin fuka ma yana karya baya. Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, yana auna majiyyaci a haɗa masa ɗamarar daidai jikinsa. Ana sa ta a kan singileti saboda zafin bazara, a riƙa duba fata, a yi sallah a zaune. Mutuwar ƙafa ko kuɓucewar fitsari kuwa sai asibiti nan take.